Labarin Mai Kaji a Rabin Shafi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da kajinki da gwiwar nan taki mai sanin zuwan ruwan sama tun kafin hadari. Mu nan lafiya lau. Ɗana Dogo, naki da kika ba ni riƙo, yana gaishe ki. Ko shi ne ke ƙara tsawo ko ni ce ke raguwa, ban sani ba. Da sassafe yake fita sito, ya wuni yana tuƙa ƙaramar motar nan mai ɗaga kaya, da yamma kuma ya zo ajina tare da sauran ma'aikatan da kamfaninsu ya turo koyon Turanci. Manajansu ya ce duk wanda ya ci jarrabawar ƙarshen zango za a mai da shi ma'aikacin dindindin, da fansho da katin asibiti. Abin da kika turo shi nema ke nan, kuma saura ƙiris.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mun kai wani babi a littafin da nake koyarwa, a kan masu sana'ar kansu da irin halayensu. An jera su reras: jarumta, haƙuri, hangen nesa, rashin tsoron asara. An kuma sa hoton wani mutum da kwat yana murmushi a gaban dogon bene, wai da keke ɗaya ya fara. Yaya, ki zo ki ga hamma! Mutanen nan sun wuni a tsaye. Akwai mai gadi, akwai masu lodi, akwai wata kuku da ke dafa wa ma'aikata abinci. Ina ruwansu da mai kwat? Ni kaina da nake tsaye gaban allo ina cewa ku maimaita, ko allura ban taɓa sayarwa ba. Har kunya nake ji.

Shi ne na ce, ga ƙoshi ga kwanan yunwa, ina da mai sana'a a gida. Don Allah ki rubuto mini yadda kika fara, da halayen da kike ganin sun riƙe ki. Ni zan mai da shi Turanci mai sauƙi su karanta. Tunda waya ba ta kamawa a gonarki, ki ba direban da ke kai miki abincin kaji, ta ƙofar makarantarmu yake wucewa. Kar ki ce ba ki da lokaci, na san ki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Autar Inna,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, da shaidar baƙin mai na yatsun direba amma ya karantu. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Kaji lafiya, sai dai zafin nan ya sa sun rage ƙwai, masu sari kuma suna ta yi mini ƙorafi kamar ni ce nake nasawa.

Wato yau ni za a sa a littafi? Ikon Allah! Ke da kike toshe hanci tun daga bakin ƙofa in kin zo gidana. To ga shi, tunda kin tambaya.

Ni ban zaɓi sana'a ba, kora ce ta zaɓa mini. Kina makaranta lokacin, ba lalle ki tuna ba. Ina aikina a kamfanin ɗinkin buhu, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Na yi ta yawon neman wani aikin har takalmina ya huje. Da na gaji, na sayi 'yan tsaki a kwali na ajiye su bayan kicin, na kunna musu fitila don ɗumi. Wannan ba jarumta ba ce, Auta. Zaman banza ne ya kusa haukata ni.

Halaye kika ce. Na farko hanci. In na buɗe ɗakin kaji, wari ne ke gaya mini ko akwai matsala, tun ido bai gani ba. Sai kunne, don tarin kaza ɗaya a cikin hayaniyar nan ya isa ya hana ni karyawa. Sai baki mai iya cewa a'a. Wannan ya fi duka wuya. Dangi za su zo da leda, wai ɗan ƙwan da ya fashe, kuma ba su taɓa samun wanda bai fashe a idonsu ba. Har yau matar kawu da ƙyar take amsa gaisuwata.

Sauran kuma ban san sunan da littafinku zai ba su ba. Kaza ba ta san ranar hutu ba, ba ta san zazzaɓi ba, ba ta san an yi rasuwa ba. Rabon da in kwana a wani gari har na manta. Ranar da ɗanki ya gama makaranta ana tafa wa yara, ina nan ina jiran mai allurar kaji, bai zo ba sai washegari. Sau biyu annoba ta share ni tas. Na shiga da safe na tarar da su zube a ƙasa kamar tsummokara. Aka haƙa rami aka zuba su, na zauna a bakin ramin, ko hawayen ma suka ƙi zuwa. Kuma babu wanda za ki kai wa ƙara, babu ofishin da za ki je ki ce ga abin da ya same ni. Ke ce shugaba, ke ce leburar, ke ce mai kuka.

Daɗi? Akwai, ba zan yi wa Allah butulci ba. Ba mai duban agogo ya ce na makara. In na ɗauki ƙwai da ɗuminsa a tafin hannu, na san nawa ne.

Ki karanta musu. Shi ma ɗanki ya buɗe kunne ya ji da kyau. Ki ce masa ya rage shan ruwan sanyi, ƙirjinsa ba ya so.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Muna lafiya, ni dai murna ce ta hana ni zama wuri ɗaya.

Yaya, kin tayar mini da aji! Bari in ba ki labari daga farko. Wasiƙarki ta yi tsawo, su kuma masu koyo suna da ƙa'ida: in kika cika musu shafi da sababbin kalmomi, sai su saki biro su ce Turanci ba nasu ba ne. Don haka na zauna na tace ta, na bar abin da za su iya ɗauka, ta dawo rabin shafi. Ga abin da suka karanta, na mayar miki da Hausa:

"Wannan mata tana aiki a kamfani. Sai ta daina. Ta sayi 'yan tsaki a kwali. Tana tashi da wuri. Tana lura da komai. Ta iya cewa a'a. Wani lokaci kaji suna mutuwa, amma tana sake farawa. Yau tana da gona babba. Ba ta da shugaba. Tana farin ciki."

Ban faɗi ko wace ce ba. Muna kaiwa wurin kwali sai Dogo ya ɗaga hannu, shi da ko sunansa aka kira sai ya sunkuyar da kai. Ya miƙe ya ce da Turanci, wannan uwata ce. Daga nan ya ɓalle, yana tuntuɓe yana tashi, yana ba su labarin yadda kike gane kaza marar lafiya daga tarinta. Ban taɓa jin ya yi Turanci mai tsawon haka ba. Aka yi ta tafi. Na gaya masa kin ce shi ma ya buɗe kunne ya ji da kyau, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Na ba su aikin gida, kowa ya rubuto sana'ar da zai yi in da shi ne shugaban kansa. Kuku ta ce za ta buɗe wurin abinci nata, ta gaji da dafa wa mutanen da ba sa cewa sannu. Mai gadi ya ce gyaran takalmi. Dogo kuwa katako ya rubuto. Kin san katakan nan da ake ɗora kaya a kai a sito? In sun karye, bayan gini ake jibge su. Ashe ya daɗe yana roƙon su yana kawowa gida. Ni na zaci tarkacen samari ne. Ya haɗa mini wurin jera littattafai, ya gyara bencin ajinmu da ke cizon zanen mutane, ko ƙusa ɗaya ba ta leƙo ba. Na ce lalle barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na gode, Yaya. Kin fitar da ni kunya.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Na aiko miki tun kwanaki, shiru. Kullum in na ji ƙarar babbar mota sai in leƙa taga, har ɗalibai sun fara yi mini dariya. Da farko na ɗauka aiki ne ya sha kanki. Yanzu kuwa zuciyata sai saƙe-saƙe take, ko gwiwar ce, ko kajin, ko kuma wani abu na rubuta da bai yi miki daɗi ba.

Mu ƙalau muke a jiki, amma hankalina ba a kwance yake ba. Tsakar gidanmu ta zama wurin kafinta. Garin katako har cikin shayina. Maƙwabciya ta sa ya yi mata kujerar tsuguno, mai shagon bakin layi ya ce yana son kantar jera kaya, wani ma ya zo daga wata unguwa yana tambayar gidan dogon nan mai zarto. Ya fara fashin aji. In ya zo ma, jikinsa ne a benci, yana shafa gefen tebur yana duban yadda aka haɗa shi.

Jiya ya ce mini ƙarshen wata zai ajiye aiki. Na ce kai, jarrabawa saura kaɗan, ka bari a tabbatar da kai mana. Ya ce in aka tabbatar da shi ba zai iya fita ba, ya ga waɗanda aka tabbatar, sun tsufa a kan motar nan. Na ce to ka jira mu ji daga babarka. Ya ce ai Mama ta riga ta yi magana, ta ce in buɗe kunne in ji, kuma na ji.

Yaya, abin da kike nufi ke nan? Ni haka na fahimta a lokacin, yanzu kuma na koma na karanta na rasa tabbas. Ki amsa mini da wuri, don Allah.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Motar direba ce ta lalace a hanya, wani ya karɓi aikin, wasiƙunki suka yi ta kwana a aljihun ƙofar mota. Yau aka miƙo mini su biyu a haɗe. Na karanta a tsaye, da bokiti a hannu.

Wace ce wannan matar ta rabin shafi? Ni ban san ta ba. In kin haɗu da ita ki ce ta zo ta karɓi gonar nan, tunda farin ciki take yi. "Sai ta daina." Ni na daina? Korata aka yi, Auta! Ina ramin? Ina ranar makarantar yaron? Na ba ki kaza sukutum, kin fige ta kin zubar da naman kin kai wa mutane gashin.

Kuma har sai kin tambaye ni abin da nake nufi? Na ce ya buɗe kunne don ya ji abin da ya sa na raba shi da gonar nan, na tura shi inda ake biyan mutum ko da mura ta kwantar da shi. Da sana'a nake so ya yi, ai ga ta nan a ƙofar ɗakinsa, me zai kai shi wani gari? Na haƙura da ganinsa, ina ɗaga buhun dusa da wannan gwiwar, don dai ya samu abin da ni na rasa. Ke kuma da allinki kin rushe shi a yamma ɗaya, har ana tafi.

Ba shi kaɗai ba ma. Kukun nan tana da yara? Kin tambaya? Ke in an tashi aji albashinki yana nan. Su fa?

Ki ɗauko wasiƙata ta farko ki karanta musu ita duka, kar ki cire ko wasali. In ba su san kalmomin ba, ai aikinki ke nan, ki koya musu. Shi kuma ki gaya masa ban yarda ba. Kar ya saki reshe ya kama ganye. Ya zauna jarrabawarsa, ya riƙe aikinsa, katako ba gudu yake ba.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Na gode Allah da kike lafiya, ko da faɗa ne gara in ji muryarki. Maganarki ta yi mini zafi, na yi kwana biyu ina shirya amsa a raina. Ban yi don in yi ƙarya ba, haka muke tace kowane rubutu. Amma da na ajiye shafukanki kusa da rabin shafina, na ga duk abin da na kira mai wuyar Turanci, shi ne mai wuyar ji.

Na yi yadda kika ce. Mako guda muka yi a kai. Na rubuta musu kalmomin a allo, kora, annoba, asara, rami, suka yi ta maimaitawa a bayana. Ba a yi tafi ba wannan karon. Kuku ta ce za ta riƙe aikinta tukuna, ta gwada sayarwa ranar hutu. Mai gadi ya ce shi dai ya ji.

Dogo kuwa ya tattara littattafansa muka fito. Sai a hanyar gida, muna jiran mota ta wuce mu tsallaka, ya ce, "Anti, wa kike jin ya haƙa ramin nan na biyu?" Ya ce shi ya haƙa, shi ya yi ta jido su a baro, kuma yana kallonki kina zaune har rana ta yi tsaka. Ya ce ranar makaranta ma bai manta ba, shi ne ya yi ta waige. Ya ce, "Rabin shafinki bai ruɗe ni ba, Anti. Na fi ki sanin abin da kika cire. Abin da ya yi mini kawai, na ji an karanta sunan aikin Mama a aji kamar abin da mutum zai yi alfahari da shi." Ya ce in yana kan motar nan ji yake kamar shi ne kayan, a ɗaga shi a ajiye.

Yaya, ga maganar da nake ta kewaye. Ya riga ya ajiye aikin. Kwana ɗaya kafin saƙonki ya iso ya je wurin manaja. Na je da kaina na roƙa, manajan ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce an riga an ɗora wani a kan motar. Jarrabawar dai ya ce zai zauna, don kar ya ba ni kunya. Yana tsoron rubuto miki. Kullum sai ya tambaye ni ko kin ce wani abu.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, babin nan na masu sana'a ni ma bai bar ni ba. Shugaban makarantarmu, wanda muke kira Sarkin Agogo, ya ishe ni. Yana tsaye bakin ƙofa yana duban hannu ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Na ga wani ɗaki kusa da tasha, da taga biyu, zai ɗauki benci huɗu. Na yi magana da mai shi. Ina tunanin in buɗe ajina na kaina in an gama zangon nan. Ban san ko hauka ba ne. Ki faɗa mini, ko da zagi ne.

Auta

*

Autar Inna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi ruwa, zafi ya sauka, kaji sun dawo da ƙwai.

Na karanta. Na shiga ɗakin kaji na rufe ƙofa na yi kukana, su dai ba sa kai labari. Ban san yana kallona a ranar ramin ba. Na zaci yaro ne, aiki kawai yake.

Ki ce masa na ji. Ban ce na ji daɗi ba, amma bakina ba zai bi shi da sharri ba. Allah ya sa albarka a hannunsa. Ya rubuto mini da kansa, ba na cizo. Kuma kar ya yi wa kowa aiki kyauta don an ce masa ɗana, har ke.

Sai dai ya ce ya san duk abin da aka cire. Akwai wanda bai sani ba, don ni ma ban rubuta ba. Marigayi babansa ya tsani aikinsa na gidan ruwa kamar me. Teburi ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara, shugaban da ya girme wa yana yi masa tsawa. Burinsa ya buɗe shagon gyaran rediyo, har ya sayi kayan aiki ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Saura kaɗan ya ajiye aikin annobar farko ta zo. Washegari ya goge rigarsa ya tafi ofis, haka ya yi ta tafiya har Allah ya karɓi abinsa. Da albashinsa muka ci abinci duk lokacin da na faɗi, da shi na sake sayen 'yan tsaki. Ana cewa ina da ƙarfin hali. Ƙarfin halin nan, wani ne ya zauna a kujerar da ba ya so don in same shi.

Duk mai sana'ar da kika ga ya faɗi ya tashi, ki duba bayansa, akwai wanda bai motsa ba. Ɗanki zai faɗi, Auta. Wani zai karɓi kaya ya ɓace, damina za ta jiƙa masa katako, wata zai zo babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. A ranar dole tukunya ta hau wuta a gidanki. Ni ina nesa, kuma abin da nake da shi numfashi yake, yau yana nan gobe babu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na san abin da nake roƙonki, na ga yadda ya ci mutum a gabana. Ba har abada ba, sai ya tsaya da ƙafarsa. Amma ɗakin nan na kusa da tasha, ki je ki ce wa mai shi ya ba wani. Ki gaishe da Sarkin Agogo, kuma ki riƙa zuwa a kan lokaci.

Yayarki